Kulle Ƙofa ko Bin Ƙa'ida? Sharhi kan Saitin da Na'urorin Intanet Ke Zuwa da Shi

Akwai muhawarar da ta daɗe tsakanin masu kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta, wadda mai amfani da intanet ba ya jin ta amma yana ɗanɗana sakamakonta. Idan kamfani zai fitar da na'ura ko manhaja, shin ya saita ta yadda rubutacciyar ƙa'idar intanet ta tanada, ko ya toshe duk wata kafa da yake tsoron mai kutse zai bi, ko da hakan ya saɓa wa ƙa'idar? Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da aka toshe ƙarin tsaro ne. Wasu kuma na ganin duk na'urar da ta kauce wa ƙa'ida lalatacciya ce. Tarihin shekaru talatin da suka wuce bai ba ko ɗaya daga cikinsu cikakkiyar gaskiya ba. An yi lokutan da ƙa'idar ce ta yi kuskure har aka gyara ta, an kuma yi lokutan da toshewar ce ta haifar da matsalar da har yau ake fama da ita.

Ma'anar muhimman kalmomi

Saitin asali shi ne yanayin da na'ura ko manhaja take ciki ranar da aka ciro ta daga kwali, kafin kowa ya taɓa komai. Nauyinsa ya fi yadda ake zato, domin galibin mutane ba sa canza shi. Rautar da aka jona a ofis a Kano ko a shagon intanet a Maraɗi, yawanci sunan wayfay da kalmar sirri kawai ake sauyawa, sauran saituna suna nan yadda suka zo har na'urar ta mutu. Ke nan shawarar da 'yan injiniyoyi suka yanke a kamfani ita ce ke zama halin miliyoyin na'urori.

Ƙa'idojin intanet kuwa takardu ne da ake kira RFC, kowace da lambarta. An fitar da ta farko a 1969, kuma tun 1986 ƙungiyar injiniyoyi ta IETF ce ke tsara mafi yawansu. Ba dokar ƙasa ba ce: babu kotu, babu tara. Ana bin su ne domin na'urar da aka ƙera a Sin ta fahimci wadda aka ƙera a Jamus ba tare da masu su sun taɓa haɗuwa ba. Takarda mai lamba 2119 ta 1997 ta raba umarnin da ke cikin waɗannan takardu mataki uku: abin da yake dole, abin da ya kamata a yi sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili da aka auna, da abin da yake ganin dama. Jayayya da yawa na tasowa ne daga rashin duba wane mataki ake magana a kai.

Bayani ba ya tafiya a intanet a dunƙule. Ana yayyanka shi ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti, ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Rauta ita ce na'urar da ke miƙa fakiti daga wannan hanya zuwa waccan. Katangar tsaro, wadda ma'aikatan fannin ke kira fayawol, tana tsayawa a bakin ƙofa tana zaɓar fakitin da zai wuce. Sai ICMP, tsarin gajerun saƙonnin da na'urori ke yi wa juna rahoto da su, kamar "ban sami wurin ba" ko "kayan sun yi girma". Gwajin nan na ping, da ake tambayar kwamfuta ko tana raye ta amsa, yana cikin ICMP.

Asalin saɓanin

An rubuta ginshiƙan ƙa'idojin intanet a farkon shekarun 1980, lokacin da mafi yawan masu amfani da ita 'yan jami'o'i ne da cibiyoyin bincike a Amurka, waɗanda galibi sun san juna. Damuwarsu ita ce saƙo ya isa. Jon Postel, wanda ya daɗe yana tace waɗannan takardu, ya kafa wata manufa a 1980 da ta zama ruhin aikin: na'ura ta yi takatsantsan kan abin da take aikawa, ta yi sassauci kan abin da take karɓa. Takarda ta 1122 ta 1989, wadda ta zayyana abin da ake buƙata daga kowace kwamfuta, ta sake jaddada wannan, ta kuma wajabta wa kowace kwamfuta ta iya amsa ping.

Da intanet ta buɗe wa kasuwanci da jama'a a shekarun 1990, sai aka sami waɗanda ke karanta waɗannan takardu suna neman inda za su juya biyayyar na'ura ta zama makami. Nan saɓanin ya samo tushe. Gyara ƙa'ida na cin watanni ko shekaru domin sai an yi muhawara an cimma matsaya, shi kuwa hari yana iya yaɗuwa cikin mako guda. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ne mai ƙera na'ura ke tsintar kansa yana zaɓi.

Inda ƙa'ida ta biyo bayan masu tsaro

Misali mafi fitowa fili shi ne harin da aka yi wa laƙabi da Smurf. A tsohon tsarin adireshin intanet, wato IPv4, kowace ƙaramar hanyar sadarwa tana da adireshi guda na shela, wanda duk fakitin da aka tura masa kowace kwamfuta a wurin za ta karɓa. Takarda ta 1812 ta 1995, mai bayanin aikin rauta, ta ce dole saitin asali ya ƙyale fakitin da ya taso daga nesa zuwa wannan adireshi ya wuce.

Ga yadda aka yi amfani da hakan. Mahari zai haɗa fakitin ping, amma a gurbin mai aikawa ya rubuta adireshin wanda yake son ya cutar. Sai ya tura shi adireshin shela na wata ma'aikata da ba ruwanta da rigimar. Rautar ma'aikatar, cikin biyayya ga ƙa'ida, ta watsa wa kowa. Idan wurin na da kwamfuta 200, dukkansu za su amsa, kuma amsoshin 200 za su nufi mutumin da bai tambayi komai ba. Mai ƙaramin layi ya sami ƙarfin toshe mai babban layi. Harin ya yaɗu daga 1997, cibiyar tsaron kwamfuta ta CERT ta fitar da gargaɗi a Janairun 1998, masu kula da hanyoyi suka shiga kashe wannan aiki da hannu, kamfanin Cisco ma ya sauya saitinsa a manhajar IOS 12.0. A Agustan 1999 takarda ta 2644 ta juya umarnin: daga lokacin, dole saitin asali ya zama a rufe.

An maimaita irin wannan a sabon tsarin adireshi na IPv6. Ƙa'idarsa ta 1998 ta tanadi wani sashe a kan fakiti inda mai aikawa zai jera tashoshin da yake son fakitin ya bi, kuma babu abin da ya hana a maimaita tasha ɗaya sau da yawa. A Afrilun 2007, a taron CanSecWest a Kanada, Philippe Biondi da Arnaud Ebalard suka nuna cewa ana iya sa fakiti ɗaya ya yi ta kai da komo tsakanin rauta biyu, cunkoson ya ninka har sau 88. Masu manhajojin OpenBSD da FreeBSD da Linux ba su jira kowa ba, suka kashe aikin. Na 'yan watanni sun kasance masu saɓa wa ƙa'ida a rubuce, sai a Disambar shekarar takarda ta 5095 ta soke sashen gaba ɗaya.

Haka abin ya kasance da imel. A da, al'ada ce sabar wasiƙu, wato kwamfutar da ke karɓa da miƙa imel, ta taimaka wa kowa ta isar da saƙonsa ko ba ta san shi ba. Masu watsa saƙonnin banza suka mayar da wannan karamci abin hawansu, har manhajar Sendmail ta rufe shi a fitowarta ta 8.9 a 1998.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan misalai. Aikin da aka kashe ba shi da masu buƙatarsa da yawa, kuma cutarwarsa tana sauka ne kan wani na uku wanda ba shi da ikon gyara na'urar da ake harbinsa da ita.

Inda toshewa ta zama ɓarna

Ɗaya ɓangaren labarin ya shafi ICMP. Bayan Smurf da wani hari na fakitin ping mai wuce kima da ya riƙa kayar da kwamfutoci a wajajen 1996, sai wata al'ada ta kafu: a toshe ICMP duka a katangar tsaro. Da ganin farko shawara ce mai kyau. Matsalar ita ce akwai saƙo guda a ciki da intanet ba ta tafiya daidai sai da shi.

Kowane layi yana da iyakar girman fakitin da zai ɗauka. A layin Ethernet na yau da kullum bayit 1500 ne. A haɗin PPPoE da wasu kamfanonin intanet ke amfani da shi, 1492 ne. Idan an bi ta VPN, wato rufaffiyar hanyar da ake sa fakiti cikin wani fakiti, iyakar na ƙara raguwa. Mai aikawa bai san mafi ƙanƙantar iyaka a hanya ba, don haka takarda ta 1191 ta 1990 ta tsara dabara: ya tura fakiti da alamar "kada a raba", idan ya isa inda ba zai shige ba, rautar wurin ta jefar da shi ta mayar da saƙon ICMP mai faɗin girman da za ta iya ɗauka, shi kuma ya rage.

Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya tura mota da lodi mai tsayi, ta iso ƙofar da ba za ta shige ba. Mai tsaron ƙofar ya aiko da ɗan saƙo cewa a rage lodi, amma maigadin ɗan kasuwar an ba shi umarnin kada ya bar kowane ɗan saƙo ya shigo. Ɗan kasuwar zai yi ta turo motoci da lodi iri ɗaya, ba wadda za ta isa, bai kuma san dalili ba.

Alamomin wannan cuta suna da ruɗarwa. Haɗin yana ƙulluwa lafiya, domin fakitin gaisuwa ƙanana ne. Sunan shafi ya fito a saman burauza, sai ya tsaya cak yana juyawa. Gajeren imel ya tafi, mai ɗauke da hoto ya maƙale. Ma'aikaci ya gwada wasu shafuka ya ga suna buɗewa, sai ya ɗora laifin kan sabis ko kan kwamfutar mai ƙorafi. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, kuma sau da yawa wanda ya yi toshewar ba shi ke shan wahalar ba. Takarda ta 2923 ta 2000 ta yi bayanin matsalar dalla-dalla, kuma har yau injiniyoyi na rage girman fakiti da hannu a rautoci don kauce mata. Garin neman gira an rasa ido.

A IPv6 lamarin ya fi tsanani. Rautocin kan hanya ba sa raba fakiti ko kaɗan, mafi ƙarancin iyaka bayit 1280 ne, kuma hatta gano maƙwabciyar na'ura a layi ɗaya da ICMP ake yi. Wanda ya toshe shi duka ya kashe hanyarsa da hannunsa. Shi ya sa aka fitar da takarda ta 4890 a 2007, mai jera saƙonnin da bai kamata a toshe ba da waɗanda za a iya toshewa.

Akwai ɓarna ta biyu mai tafiyar hawainiya. Katangu da yawa an gina su kan manufar jefar da duk abin da ba su saba gani ba. A 2001 takarda ta 3168 ta kawo hanyar da rauta za ta sanar da cunkoso ba tare da zubar da fakiti ba, ta amfani da wasu gurabe da aka ajiye don gaba. Wasu katangu suka ɗauki alamar a matsayin kutse suka riƙa yanke haɗin, har Sally Floyd ta rubuta takarda ta 3360 a 2002 tana sukar hakan. Sakamakon shi ne an shafe shekaru manhajoji na tsoron kunna aikin. Da aka zo tsara TLS 1.3, sabon tsarin ɓoye bayanai da ya fito a 2018, sai da aka yi masa shigar tsohon tsari a farkon gaisuwa domin na'urorin tsakiya su ƙyale shi ya wuce. Wato kayan da aka sa don tsaro sun zama masu jinkirta ingantaccen tsaro.

Ra'ayoyin ɓangarori

Masu fifita tsaro suna cewa mai sayen na'ura ba injiniya ba ne, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa nauyin rufe ƙofofin da bai san da su ba. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce Windows XP: muguwar manhaja mai yaɗa kanta, Blaster, ta ratsa kwamfutoci masu ɗimbin yawa a Agustan 2003, kuma da Microsoft ya fitar da babban gyara a 2004 mai kunna katanga tun daga farko, irin wannan yaɗuwa ta ragu ƙwarai. Katangar ta sa kwamfutoci da yawa sun daina amsa ping daga waje, abin da bai dace da harafin takardar 1989 ba, amma duniya ba ta tsaya ba.

Masu fifita ƙa'ida suna amsawa da cewa intanet dukiyar tarayya ce. Idan kowane kamfani ya yi gaban kansa, za a wayi gari babu wanda ya san yadda na'urar wani za ta amsa, gano matsala ya yi wuya, sabon abu kuma ya kasa shiga. Suna ƙara da cewa wasu toshe-toshen kwantar da hankali kawai suke yi. Ƙa'idar TCP, tsarin da ke ƙulla haɗi tsakanin kwamfutoci, ta ce kwamfuta ta sanar idan an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta buɗe ba. Wasu sun fi son ta yi shiru. Shirun yana ɗan jinkirta mai leƙe, amma kwamfutar da ke da shafin yanar gizo a buɗe ba ta ɓuya don ta ƙi amsa ping.

Kamfanoni kuma suna da lissafinsu. Na'urar da ta zo a kulle tana jawo kiran abokan ciniki masu cewa ba ta aiki, wadda ta zo a buɗe tana jawo abin kunya ranar da aka yi kutse. Ba kullum tsaro ko ƙa'ida ke yanke hukunci ba. Wani lokaci tsadar amsa ƙorafi ce.

Ita kanta IETF ta motsa daga matsayinta na da. Yau kowace takarda sai ta ƙunshi sashen da ke tattauna haɗarin tsaro, kuma takarda ta 9413 ta 2023 ta nuna cewa yawan sassauci wajen karɓar abin da bai dace ba na iya sa kurakurai su kafu har su gagari gyara.

Yadda za a bambance

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ma'auni. Tambaya ta farko: wa zai ɗauki asarar? Idan barin aikin a buɗe yana cutar da baƙo, kamar a Smurf, rufe shi ya dace ko ƙa'ida ba ta riga ta iso ba. Idan rufewar ce ke cutar da baƙo, kamar toshe saƙon girman fakiti, to ba tsaro aka yi ba, an tura wa wani matsala ne.

Ta biyu: idan abin ya gaza, za a gani? Kaucewar da ke ba da saƙon kuskure a fili ana gyara ta cikin sa'a guda. Wadda ke haɗiye fakiti shiru tana cin kwanakin mutane.

Ta uku: akwai matsakaicin mataki? Sau da yawa ba sai an zaɓi tsakanin buɗewa da rufewa ba. Ana iya taƙaita yawan amsoshin ICMP a daƙiƙa, a ƙi amsa ping da aka tura adireshin shela, a bar sauran su wuce. Linux haka yake zuwa.

Ta huɗu ta shafi ladabin kaucewa. Wanda ya ga dole ya saɓa wa ƙa'ida, ya rubuta a takardun na'urarsa cewa ya saɓa da dalilinsa, ya bar makunnin da mai buƙata zai mayar da aikin, sannan ya kai maganar gaban IETF. Abin da ya sa labarin 1999 da na 2007 suka ƙare lafiya shi ne an koma an gyara rubutun, aiki da ƙa'ida suka sake haɗuwa.

Abin da ake hange

Alamu uku sun bayyana. Na farko, masu bin ƙa'ida sun fara gajiya da lallaɓa masu karya ta. A ranar 1 ga Fabrairun 2019, masu manyan manhajojin DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi, suka haɗa kai suka cire dabarun da suke yi don jure wa sabobi da katangun da ke yin shiru ga tambayoyi masu sabon tsari. Wanda bai gyara ba ya ga shafinsa na wahalar buɗewa.

Na biyu, sababbin tsare-tsare na ɓoye kansu daga na'urorin tsakiya. QUIC, sabon tsarin ƙulla haɗi wanda aka tabbatar a takarda ta 9000 a 2021, ya rufe mafi yawan bayanan sarrafa haɗi domin kada katanga ta dogara da su ta hana canji nan gaba. Wannan ya kare ci gaba, amma ya rage wa masu tsaron ma'aikatu abin da suke iya gani, kuma wasunsu na mayar da martani da toshe shi.

Na uku, hukumomi sun shigo. Tun Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta hana sayar da na'urori masu jona intanet da kalmar sirri guda ta gama-gari, darasin da aka koya daga muguwar manhajar Mirai, wadda ta tara dubban kyamarori da rautoci a 2016 ta hanyar gwada kalmomin sirrin kamfani. Saitin asali ya fara zama batun doka.

Ga ƙasashen Afirka akwai ƙarin dalilin kula. Tsofaffin adireshin IPv4 sun yi ƙaranci a hannun AFRINIC, hukumar da ke raba su a nahiyar, don haka kamfanonin sadarwa da jami'o'i da bankuna a Nijeriya da Nijar za su ƙara komawa IPv6. Ma'aikacin da ya kwafi tsohuwar ɗabi'ar toshe ICMP duka zuwa sabon tsarin zai gamu da matsalar da ba ta nuna kanta. Abin da ya fi masa shi ne, kafin ya rubuta kowane layi a katangarsa, ya san aikin saƙon da zai toshe, ya kuma san wanda zai wahala idan saƙon bai isa ba.